Tumaki Takwas da Kujera Mai Juyawa

Tun ranar da mataimakin shugabar makaranta ya yi ritaya ya bar kujerarsa mai juyawa, Malam A-Bita bai sake wucewa ta ƙofar ofishin nan bai leƙa ba. Kujera ce baƙa mai hannuwa, da tayoyi biyar. In ka zauna ka ɗan tura ƙasa da yatsan ƙafa, sai ta kai ka taga ta dawo da kai tebur ba ka ce mata komai ba. An sha kama shi a kanta. Kullum amsarsa ɗaya ce, wai lafiyar tayoyin yake dubawa.

Sunan nan kuwa yara ne suka raɗa masa. Shi malamin motsa jiki ne, shi ne kuma mai kaɗa ƙararrawa. Wata shekara aka tura shi bitar malamai saboda wanda aka gayyata zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya je ya dawo da jaka mai tambari, da kati mai igiya wanda har yau yana rataye a wuyansa, da kuma jumla guda wadda ya tsinta daga bakin ƙofa a kan hanyarsa ta zuwa teburin shayi: a riƙa koya wa yara da abu na zahiri, wanda za su gani su taɓa. Daga ranar ba ya buɗe baki sai da “A bita an ce mana.” Ko gishiri ne ya yi yawa a miya, a bita an yi bayani a kansa.

Wata safiya Shugaba ta tara malamai a ɗakinsu, ta sauke gilashinta kan karan hanci.

“Ranar iyaye ta matso,” in ji ta. “Aji uku suna da darasi biyu a wannan makon. Na lissafi, wato ɗaya bisa biyu, ɗaya bisa uku, ɗaya bisa huɗu. Da na kimiyya, yadda dabbobi ke zama rukuni-rukuni. Ku biyu kuka nemi kujerar mataimaki, kai Malam da malamar aji uku. Kowa ya ɗauki ɗaya ya koyar a gaban iyaye. Wanda ya fi gamsar da su, ofis nasa ne.”

Malamar aji uku ta buɗe baki za ta zaɓa, Malam ya riga ta miƙewa, yana gyara katin wuya.

“Ranki ya daɗe, ba ni duka biyun.”

“Duka?”

“A zama guda. A bita sunansa tagwayen darasi.”

“Malam,” in ji malamar aji uku, “ka taɓa koyar da lissafi kuwa?”

“Malama, wa yake ƙirga tsallen yara kullum da safe? Ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. In wannan ba lissafi ba ne, waƙa ce?”

Malama ta dube shi, ta dubi Shugaba, ta ce ta bar masa. Ta koma kan littattafan da take dubawa da jan biro, kafaɗunta suna ɗan rawa. Malam ya lura da rawar kafaɗun, ya ji tausayinta. Tsoro ba shi da daɗi.

Kafin ya cire takalmi a gida labarin ya riga ya girma. Ya gaya wa matarsa cewa an gama magana, saura tafi kawai. Surukarsa tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa. Ta zo ganin likitan ido ne, zaman ya miƙe. Ita dai tun da ya auri ’yarta ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba. Ta kan bi ta kan ’yar, in ’yar ba ta nan ta gaya wa buta.

“Inna,” in ji Malam, ya ɗan rusuna, “an kusa fara kiran surukinki mataimaki.”

Inna ba ta ɗago ba. “’Yar nan, tambayi mijinki, mataimakin wa? Ko ƙararrawar ce aka ƙara wa girma?”

“Ofis ne, Inna. Da kujera mai juyawa.”

“Ce masa Allah ya sa alheri. Mutum yana tsaye ma kansa na juyawa, bare an ba shi abin taimako.”

Malam ya yi dariyar girmamawa. Ya ce su shirya, ya sa an ajiye musu kujeru a sahun gaba.

Da yamma ya buɗe littafin lissafin aji uku da ya aro. Ya ga ɗaya a sama, ’yar sanda a tsakiya, biyu a ƙasa. Ya ga wata da takwas a ƙasa. Abin ma dariya ya ba shi. Wannan ne ake wa ɗaurin fuska a ɗakin malamai? Takwas ta fi biyu, ko jariri ya sani. Wanda lambarsa ta ƙasa ta fi girma, shi ya fi tsoka. Ya rufe littafin ya tokare guntuwar ƙafar tebur da shi, ya fita neman abu na zahiri.

Mahaucin bakin titi yana da tumaki a bayan shagonsa. Ya saurari Malam har ƙarshe yana wasa wuƙa.

“Aron tumaki? Malam, ana aron tsani, ana aron guduma. Tunkiya kuwa in ta bar nan, a leda take fita.”

“Za a ambaci shagonka a lasifika, a gaban iyaye. Masu cin nama fa.”

Wuƙar ta tsaya. “Har tsawon yaya?”

“Zan ba ka ɗaya bisa goma na lokacin darasi.”

“Da yawa ke nan?”

“Goma fa na ce maka. Wasu biyu ake ba su.”

Mahauci ya goge hannu a riga ya buɗe garke. Malam ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ɓata fuska. Tara ne. Tara ba ta rabuwa gida huɗu, ya gwada da yatsu.

“Cire waccan tsohuwar mai yagaggen kunne. Ba ta ma da kyan gani.”

“In ba ta gaba sauran ba sa ɗaga ƙafa.”

“To ta rako su ƙofa, ka ɗaure ta a bayan katanga. Mai rako ɗalibi ai ba ya shiga aji.”

Mahauci ya ga hikimar wannan magana ƙwarai.

Daga nan sai gidan Gwaggo mai wanki, maƙwabciyar makaranta, wadda agwagwarta ta ƙyanƙyashe. ’Ya’ya shida ne, rawaya-rawaya, suna bin uwar a layi tsakanin bahon kumfa da igiyar shanya. Shida ta yi masa daidai. Da uwar bakwai ne, bakwai kuwa lamba ce marar tarbiyya.

“’Ya’yan kawai nake so, Gwaggo. Uwar ba ta cikin manhaja. Ki kife ta da kwando.”

Gwaggo ta matse rigar da ke hannunta ta dube shi sama da ƙasa. “Kai ɗan nan, ka taɓa raba agwagwa da ’ya’yanta?”

“Gwaggo, a bita malamai cike da zaure aka raba mu rukuni-rukuni. Babu wanda ya yi kuka.”

“Da uwayenku aka je?”

Ya yi mata alkawarin kawo mata wankin labulen sabon ofis. Ta ce ya zo ya ɗauka.

Ranar iyaye ta zo da rana mai zafi. An kafa rumfar tamfol mai ƙafa huɗu a tsakar makaranta, an jera kujerun roba a ƙarƙashinta. Iyaye suka cika ta, ana fifita da takardun jarrabawar yara. Shugaba tana tsakiya a sahun gaba, Inna da ’yarta a gefenta. ’Yan aji uku suna zaune a ƙasa kan tabarmi, malamarsu a bayansu ta naɗe hannu.

Malam ya fito cikin farar riga mai guga har tana ƙara, aljihunsa biyu a kumbure da dusa don jan hankalin tumaki. A gabansa yana turo kujera mai juyawa.

“Malam, wa ya fito da wannan?” in ji Shugaba.

“Ranki ya daɗe, don iyaye su ga abin da ake magana a kai. Abu na zahiri.”

Ya hura makirufo sau uku, ya buga shi da yatsa, ya gaida manyan baƙi da ƙanana, ya ba da tarihin bita a taƙaice har wani jariri ya yi barci ya farka. Sannan aka ɗora kankana biyu a kan tebur.

“Yara manyan gobe. Wace lamba ta fi girma, biyu ko ashirin?”

“Ashirin!”

“Madalla. To ɗaya bisa biyu da ɗaya bisa ashirin, wanne ya fi yawa?”

Yara suka waiwayi malamarsu. Malamar tana kallon wani gajimare. Sai wata yarinya mai giɓin haƙori, wadda duk makaranta ke kira Uwar Tambaya, ta ɗaga hannu ta fara magana tun hannun bai gama tashi ba.

“Malam, ai Malama ta ce in masu rabo suka yi yawa...”

“Wa ya ba ki izinin magana?”

“Na ɗaga hannu.”

“Ɗagawa daban, izini daban. Iyaye, ku ga yadda ake horo na zamani, ba bulala, ba zagi. Ke, hukuncinki shi ne ɗaya bisa biyu kacal za ki ci na kankanar nan. Shugabarmu kuwa da surukata, manyan baƙi, kowacce ɗaya bisa ashirin.”

Ya jira tafi. Mahauci kaɗai ya tafa daga bakin ƙofa.

Ya sa wuƙa ya raba kankana ta farko gida biyu. Ya miƙa wa yarinyar ɓari guda. Sai da ta sa hannu biyu da haɓa kafin ta riƙe shi. Wani abu ya ɗan motsa a cikin Malam, kamar ƙaramin dutse a takalmi, amma ya ƙyale shi. Ya juya kan ta biyu. Ya yanka, ya yanka, ya ƙirga, ya goge gumi, ya sake yankawa. Yankan yana yawa, yankakkun suna ramewa. Da ya ɗago rabon Inna tsakanin yatsu biyu, sai ga fuskar Inna ta cikinsa, ja-ja.

Ya kai mata a faranti da rusunawa. Inna ta kawo shi kusa da idonta mai lafiya ta juya shi.

“’Yar nan, ce wa mijinki na gode. Ki tambaye shi, ci ake yi, ko shi ne maganin da likita ya ce a riƙa ɗigawa?”

Shugaba ba ta samu cin nata ba, iska ta ɗauke shi daga faranti.

A kan tabarmi kuwa, Uwar Tambaya ta nutsa fuska cikin hukuncinta har kunne. Yara suka dube ta, suka dubi juna. Hannuwa suka tashi kamar an shuka su.

“Malam, ni ma na yi magana ba izini.”

“Malam, na tsunkuli wannan.”

“Ƙarya ne Malam, ni na fara tsunkulinsa, ni za a hukunta.”

“Malam, ban yi aikin gida ba tun farkon zango.”

Daga can bayan rumfa wani uba mai ƙaton tumbi ya ɗaga hannu. “Malam, ni ma na makara.”

Rumfa ta ɗauki dariya. Malam ya yi murmushi irin na wanda ya shirya komai da gangan.

“Wannan shi ake kira jan hankalin ɗalibi. Kankanar ce dai ba ta da tsari a ciki. Mu koma kan masu rai.”

Aka jera baho uku da ruwa. Ya buɗe kwali ya fito da ’ya’yan agwagwa, ya sa biyu a nan, biyu a nan, biyu a can. Ya juya ga iyaye, ya buɗe ƙirji.

“Shida, an raba gida uku. Yara, ku duba bahon tsakiya ku gaya mini, ɗaya bisa uku nawa ne?”

“Shida!”

Ya waiwaya. Duk shidan suna bahon tsakiya, sun cure wuri guda kamar dunƙulen auduga. Ya sake raba su. Kafin ya miƙe, na hagu sun haura baki sun faɗo ƙasa sun bi ta tsakanin ƙafafunsa.

“Ku duba bahon hagu. Ɗaya bisa uku nawa ne?”

“Babu!”

Ya raba su karo na uku, ya tare bahon dama da ƙafa, na hagu da gwiwa, biyun da suka fi taurin kai ya cire hula ya zuba su ciki ya rungume. Sai kuka ya tashi daga wuri uku, tsiyu-tsiyu, tsiyu-tsiyu, siriri mai huda kunne, makirufo kuma ya ɗauka ya watsa wa unguwa.

“Malam,” in ji Uwar Tambaya, ruwan kankana na ɗiga daga haɓarta, “kwando ya zo makaranta.”

Gaskiya ta faɗa. Wani kwando a kife yana shigowa ta ƙofa da kansa, yana tafe yana tangaɗi. A bayansa Gwaggo mai wanki ce da kumfa har gwiwar hannu, tana haki.

“Na ɗora masa dutse,” take gaya wa duk wanda ta wuce. “Wallahi na ɗora masa dutse.”

Kwandon ya yi karo da ƙafar tebur ya tuntsure. Uwar agwagwa ta fito, ta miƙe wuya a ƙasa kamar maciji, ta buɗe fukafukai. Ba ta kula iyaye ba, ba ta kula Shugaba ba. Ta san wanda ke riƙe da hula. Ta kama shi a bayan gwiwa ta murɗa. Da ya sunkuya ya kare wurin, ta cafke katin wuya ta ja, wuyan Malam ya bi ta, suka zagaya tebur tare kamar masu rawa. Da ƙyar ya fizge, ya saki hula, ya haye kujera mai juyawa da ƙafa biyu. Kujera kuwa ta yi aikinta. Ta juya da shi, ta nuna wa iyaye fuskarsa, ta nuna musu ƙeyarsa, ta sake dawo da fuskar.

“Kamar yadda kuke gani,” yake cewa a makirufo duk lokacin da ya zagayo, “uwa... tana kare... rukuninta... wannan... yana cikin shiri.”

Agwagwa ta tara ’ya’yanta shida, ta ƙirga su da baki, ta yi wa kujerar tsaki na ƙarshe, suka fita a layi. Gwaggo ta ɗauki kwandonta.

“Labulen ma ka bar shi,” in ji ta.

Shugaba ta cire gilashi ta goge. “Malam, ko a tsaya nan?”

Ya hango malamar aji uku tana duba agogo. Ya hango matarsa ta rufe rabin fuska da mayafi. Ya ji laushin kujerar a ƙarƙashin tafin ƙafarsa.

“Ranki ya daɗe, duk wannan share fage ne. Yanzu za a fara darasi.”

Mahauci ya shigo da tumaki takwas. Ba su so shigowa ba, suna ta waiwayen katanga, sai da Malam ya yi ta yayyafa dusa daga aljihu. Ya riga ya koyi darasi daga agwagi, wato kaso ba ya zama sai an ɗaure shi. Ya duba tsakar makaranta yana neman abubuwa huɗu masu ƙarfi, iri ɗaya, a tsaye. Sai idonsa ya faɗa kan ƙafafun rumfa.

Ya ɗaure biyu a kowace ƙafa. Iyaye suka tattara ƙafafunsu da jakunkunansu, an kewaye su ta kusurwa huɗu. Sauran igiyoyin da suka yi tsawo ya tattaro bakinsu ya naɗe a hannun kujera, ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya kamar direban babbar mota.

“Takwas, an raba gida huɗu. Yara, ɗaya bisa huɗu nawa ne?”

Yara suka duba da kyau, don an cuce su sau biyu.

“Biyu!”

Aka tafa. Tafi na gaske, har da Shugaba. Malam ya lumshe ido, ya ɗan tura ƙasa da yatsan ƙafa, kujera ta kai shi hagu ta dawo da shi dama. Ya fara tunanin kalar labule.

Mahauci ya matso ya raɗa masa a kunne. “Ɗaya bisa gomana fa?”

Malam yana cikin alheri, ya miƙa masa makirufo. Mahauci bai taɓa jin muryarsa a lasifika ba. Ya riƙe abin da hannu biyu, ya yi gyaran murya, ya rasa ta inda ake farawa. Sai bakinsa ya kama abin da ya saba da shi kullum da safe in zai zuba dusa.

“Hai, hai, hai, jama’a, ku matso.”

Daga bayan katanga wata tsohuwar murya mai kaushi ta amsa. “Mbeee.”

Kawuna takwas suka tashi lokaci guda. Kunnuwa suka juya ƙofa.

“Mbeee,” in ji tsohuwar, wannan karon da ɗan faɗa.

Kashi huɗun suka zama ɗaya. Na gaba suka ja, na baya suka bi ta ƙarƙashin kujerun iyaye don su cim musu. Rumfa ta yi taku biyu kamar raƙumin da ke koyon tafiya, ta durƙusa, tamfol ya sauko a hankali ya lulluɓe iyaye da Shugaba da jarirai da jakunkuna. Ana ganin kawuna suna motsi a ƙarƙashinsa. Daga sahun gaba muryar Inna ta fito, a natse.

“’Yar nan, tambayi mijinki, gari ne ya rufe ko idon ne ya ƙarasa?”

Mijin ba ya nan balle a tambaye shi. Igiyoyin da ke hannun kujera sun miƙe, tayoyi biyar kuwa lafiyarsu ƙalau, shi da kansa ya sha dubawa. Kujera ta tashi da shi. Ta bi ta kan baho na farko, ta kifar da na biyu, ta ratsa ɓawon kankana tana juyawa. Ya fizgi makirufo daga hannun mahauci a wucewa, abin da unguwa ta ji na ƙarshe kafin waya ta tsinke shi ne, “Ɗaya bisa huɗu, koma wurinka.”

’Yan aji uku suka bi shi a guje. A bakin ƙofa kujera ta daki dakali, ta yi tsalle, taya guda ta fita ta gangara kwata. Sauran huɗun suka kai shi har gaban tsohuwa mai yagaggen kunne, suka ajiye shi a karkace.

Tumaki tara suka haɗu, suka shinshini juna, hankalinsu ya kwanta. Da hankali ya kwanta sai yunwa ta tashi. Suka kewaye Malam. Baki biyu a aljihun dama, uku a na hagu, rago ya ga layin ya yi tsawo ya yage nasa daga ƙasa. Tsohuwar ba ta shiga turmutsitsi ba. Ta tsaya gabansa ta kama katin wuya ta fara tauna shi a hankali, tana kallon cikin idonsa.

Titi ya fito kallo. Tela ya fito da awo a wuya, mai gyaran waya ya ɗaga wayar wani yana ɗauka.

“Malam, sabuwar tasi ce?” in ji tela. “Nawa ne zuwa kasuwa?”

“Ka bar shi,” in ji mai gyaran waya. “An ƙara masa girma ne, waɗannan ma’aikatansa ne.”

Iyaye suka fara fitowa daga ƙarƙashin tamfol ɗaya bayan ɗaya, wani da takalmi guda, wata da jaririn da ba nata ba. Uwar Tambaya ta tsaya tana nuna tumaki da yatsa mai danƙo.

“Bakwai, takwas, tara. Da Malam goma. Malama, Malam ɗaya bisa goma ne na garken ko?”

“Ai ya ce goma da yawa ne,” in ji mahauci, yana neman wanda zai ba shi gaskiya.

Malamar aji uku ta tafa hannu sau biyu, yaranta suka taru gabanta a bakin titi.

“Me ya sa tumakin suka gudu?”

“Ba sa son a raba su. Tsohuwar suke bi.”

“Agwagi fa?”

“Uwarsu ce mai tsaronsu.”

“Ɗaya bisa biyu da ɗaya bisa ashirin, wanne za ku zaɓa?”

“Hukunci!”

Iyaye suka tafa har da masu takalmi guda. Malam ya miƙe daga cikin tumaki, igiyar kati ba kati tana lilo a wuyansa, ya ɗaga hannu yana karɓar tafin.

“Kun ji ko? Duk sun gane. Darasi biyu a zama guda. Wa ya taɓa yin haka a makarantar nan?”

“Babu,” in ji Shugaba. Mayafinta ya koma gefe guda, gilashinta saura ido ɗaya. Ta sunkuya bakin kwata ta ɗauko tayar da yatsu biyu, ta karkaɗe ta. “Ofis na Malama ne, da abin da ya rage na kujera. Rumfa kuma kai za ka tayar da ita. Amma ba za a ce ka tashi a banza ba.” Ta ɗora masa tayar a tafin hannu. “Ga kasonka. A lissafinka ai kai ka fi ta samu.”

Ya dawo gida da la’asar, dusa tana zuba daga yagaggen aljihu, tumaki tara suna biye da shi a layi, mahauci a bayansu yana cewa har yanzu ba a ambaci shagonsa ba. Sai da aka rufe ƙofa da sakata.

Malam ya wanke tayar da sabulu, ya goge ta, ya ɗora ta kan talabijin kusa da jakar bita. Maƙwabta suka shigo yi masa sannu, ya karɓe su a tsaye.

“Sannu da me? Ai an fara ba ni kujerar. Kashi-kashi ake bayarwa, haka tsarin yake a manyan wurare. Wannan kashin farko ne.”

Inna tana kan tabarmarta. Ta daɗe tana kallon tayar da idonta mai lafiya. Sannan ta juya, ba wajen ’yarta ba, ba wajen buta ba. Ta dubi surukinta, karo na farko tun ranar aure.

“Ɗan nan, wannan ɗaya bisa nawa ce ta kujerar?”

Malam ya buɗe baki zai ce dubu, ya tuna kankana. Ya sake buɗewa zai ce biyu, ya dubi tayar. Ya laluba ƙirjinsa inda kati yake zama, ya kama igiya.

“Inna, lokacin da aka zo nan a bita, layin shayi ya yi tsawo.”

Inna ta gyaɗa kai, ta jawo farantin shinkafarta.

“’Yar nan, zuba wa mijinki abinci, ya sha aiki. Ki ba shi ɗaya bisa ashirin. Babban mutum ne.”